Tsintuwar da Malam Isuhu ya hana ɗauka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, direban tasi a filin jirgin Dulles, a nan ƙasar waje da muke zaune. Allah ya ji ƙansa. Tare muka yi zaman garin Sterling, shi yana tuƙi, ni ina karantar da yara Alƙur'ani ranar Asabar.

Abin da nake tuna shi da shi ya faro ne daga 'yarsa Rakiya, tana 'yar shekara tara. Mun horar da 'ya'yanmu yadda aka horar da mu: in ka tsinci abin wani, ka ɗauka ka kai wa babba. Wata rana ta ga ƙaramar bindiga a banɗakin makarantarsu ta boko. Wani ɗalibi ne ya ɗauko ta ubansa ya ajiye a can. Ta ɗauka da hannu biyu, ta ratsa cikin yara, ta miƙa wa malamarsu, bakin bindigar na kallon matar. Da harsashi a ciki. Allah ya tsare, ba ta tashi ba.

Da Isuhu ya dawo daga wurin 'yan sanda ya same ni bayan la'asar. Ya ce, "Malam, yarinyar nan ba ta yi laifi ba. Abin da na koya mata ta yi. Ni ne na kusa kashe mutum."

Mahaifinsa maharbi ne, ya san bindiga tun yana ƙarami. Ya roƙe ni minti goma a ƙarshen kowane karatu. Wani dattijo cikin iyayen ya ƙi, ya ce karatu suka kawo 'ya'yansu, ba harbi ba. Isuhu ya ce, "Ba harbi zan koya musu ba, Alhaji, gudu zan koya musu."

Sai ya ajiye rimot ɗin talabijin a kan darduma ya ce bindiga ce, wa zai miƙo masa? Yaran kirki su ne suka fi faɗawa tarkon, don ba su saba ƙin aiken babba ba. Ya yi ta maimaitawa har hannuwan suka daina miƙewa. Ni kuma na rubuta maganarsa a allo da ajami, na rataye a bakin ƙofa: kada ka taɓa, fita daga wurin, gaya wa babba. Yaran ba sa iya karantawa, amma iyaye suna iyawa, kuma dama su ya fi nufi.

Yanzu jikokina a makaranta ana koya musu rufe ƙofa da ɓuya a yi tsit in ɗan bindiga ya shigo. Nakan ce da yana raye me zai ce? Ina jin ba zai yi musu ba. Tambayarmu zai yi ko muna binciken ko akwai bindiga a gidajen da yaranmu ke zuwa wasa. Har yau kunya na hana yawancinmu.

Bai bar gida ko gona ba. Minti goman nan ya bari, Rakiya ce ke riƙe da su. Bara jikana Sadiƙu, ɗalibinta, ya je wasa gidan maƙwabtansu a Woodbridge, abokinsa ya ja durowa ya nuna masa bindiga. Ya dawo gida da safa kawai. Uwarsa ta hau shi da faɗan takalmi, sai da ya faɗi abin da ya gani ta zauna a ƙasa.

Ni da ubansa muka je muka yi magana da mai gidan, ya kulle bindigar muna kallo. Na ɗauko takalman yaron, na taho ina yi wa Isuhu addu'a.