Awarwaron Marka

Mun tashi da asuba, ko in ce asubar ce ta same mu a tsaye a bakin kasuwar ƙauyenmu, ni da goggona, takalma a hannu saboda taɓo. Ku da kuke bibiyata a nan kun san ba na ƙaunar tafiya da damina. Amma goggo ta ce sai na raka ta Gadarif, wai idonta ba ya ganin lambar sikeli, kuma a gaban mai zinariya ba ta yarda da kowa sai jininta. To ya zan yi? Ƙanwar ubana ce.

Bari in gaya wa waɗanda ba 'yan nan ba abin da ya fitar da mu. A wajenmu, nan gefen Ƙala'at an-Nahal a ƙasar Sudan, zinariyar mace ba ta ado ce kawai ba. In kaka ta yi kyau a sayi awarwaro a ajiye. In damina ta yi tsakiya, ruwa ya kama zuba ba ƙaƙƙautawa, lokacin da muke ce wa marka, sai a kai shi kasuwa a sayar, a biya 'yan ƙwadago su nome ciyawa. Haka goggo take yi tun rasuwar mijinta. Tana da gonar dawa, tana da ta riɗi, kuma bana ciyawa ta taso musu su biyun da fushi. Shugaban 'yan ƙwadagon ya ce zai jira ta je ta dawo, in ba ta zo da kuɗi ba su sun yi yankin Fashaga, can ma ana neman hannu.

Tsofaffin awarwarayenta duk sun tafi a shekarun nan na wahala. Guda ɗaya ya rage, wanda ɗanta, taubashina, ya aiko mata bara daga Jidda, inda yake aiki a wani otal. Da ya kira ta a waya ya ce, "Inna, ki adana shi da kyau, na marka ne." Ta kuwa adana. Ko sau ɗaya ba ta sa shi ba, ni kaina ba ta taɓa nuna mini ba, ta ƙulle shi a tsumma ta jefa ƙasan akwati tana jiran lokacinsa.

Ƙananan motoci ba sa shigowa ƙauyenmu in ƙasa ta jiƙe. Baƙar ƙasar nan tamu in ta sha ruwa tana kama ƙafa kamar tuwon da ya kwana. Saboda haka bayan tarakta muka hau, muka zauna a kan buhunan wani bawan Allah, ana jijjiga mu har haƙora na haɗuwa. Goggo ta ɗaure kayanta a ƙugu ƙarƙashin zane, kuma tun da muka tashi hannunta yana wurin. Na ce mata, goggo, in da ɓarawo a motar nan ai kin gama yi masa kwatance. Ta harare ni, amma hannun bai motsa ba.

A inda hanya ta ɗan yi ƙarfi muka sauka muka shiga babbar mota. Kuɗin mota ya ninka na rani, da na yi magana yaron motar ya ce ba shi ba ne, man gas ne, in je in yi faɗa da man gas. Ban da ƙarfin gardama, na biya. Kusa da ni wani dattijo ya rungume wani ƙarfen tarakta da ya karye, ya naɗe shi da bargo, shi kansa ruwa na dukansa. A gabanmu wata mata da kajinta, suna leƙowa ta ramin kwali. Dama da hagu kuwa gonaki ne har iyakar gani, kore shar, sai dai mai ido ya san rabin koren nan ba amfani ba ne. Goggo ta yi ta nuna mini da baki, wannan an nome, wannan mai ita ya makara.

Wajen hantsi muka kafe a wani kwari. Maza suka sauka turi, taya na juyawa tana watsa musu laka har ka, direba na zaune a sama yana ba da umarni. Allah ya sa akwai wata mai shayi da ta kafa rumfar leda daidai wurin, da alama ta san motoci a nan suke kwanciya. Muka sha shayi, muka ci zalabiya, irin fanken nan namu, mai sanyi, na ƙara da jabana, gahawar nan mai citta, don kaina ya fara sarawa. Sai da wata tarakta ta zo ta ja mu, aka sake karɓar kuɗi a hannun kowa. Daga nan sai shingayen bincike, a sauka a buɗe jaka a hau, a sauka a buɗe a hau. Mun shiga Gadarif bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura, masu zinariya kuma sun rufe.

Garin ya cika maƙil. Wanda ya san Gadarif kafin yaƙi ya koro mutane zai ɓata a cikinsa yanzu. Gidan 'yar uwarmu da muka sauka, ɗakin da a da ake ajiye buhuna iyali guda ne a ciki. Duk da haka aka yi mana kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa, aka shimfiɗa mana a zaure, kuma wallahi ban san sa'ad da barci ya ɗauke ni ba.

Da safe muka hau raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa layin masu zinariya. Abin da na fara lura da shi, kowane shago mata ne a tsaye, amma duk cirewa suke yi daga hannu da kunne, ban ga mai sawa ba. Muka shiga na farko. Goggo ta juya baya ta kwance ƙugu, ta warware tsumma, sai ga wani ɗan akwati mai karan-miski a ciki. Ta buɗe. Jama'a, in faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Siriri ne, santsi kamar an lashe, da 'yan duwatsu ƙanana farare a jere, maɓallinsa kuwa in ya rufe ba ka ganin inda ya haɗu. Ni da na zo da gajiya sai da na ji raina ya biya.

Mai shagon ya sa madubi a ido, ya juya cikin awarwaron, ya ɗago ya ce da Larabci, "Ya Hajja, wannan ai marka ne."

Goggo ta washe baki. Ta ce, "Ƙwarai kuwa, na marka. Shi ya sa na kawo, ba ka ga ruwan da ake yi ba?"

Nan na gane abin da ya faru. A Larabcin kasuwa marka sunan kamfani ne, irin manyan gidajen nan na Turai masu yin jaka da turare da kayan ado, waɗanda sunansu kaɗai ake saye da tsada. Taubashina ya jefa kalmar Larabci a tsakiyar Hausa, kamar yadda dukanmu muke yi kullum ba mu ma sani ba. Shi yana nufin abu ne mai suna. Ita kuma, manomiya, ta ji markar da ta sani tun tana yarinya. Shekara guda uwa da ɗa suna kan magana ɗaya, kowa da abin da ya fahimta.

Mai shagon ya yi mana bayani a hankali. Ya ce zinariya ce ta gaske, amma iyar sha takwas ce, wato karat sha takwas, ba ashirin da ɗaya da matanmu suke saye ba. Duwatsun ba ya sayensu, cire nauyinsu zai yi. Sunan da aka zana a ciki kuwa ba ya hawa sikeli. Da ya faɗi abin da zai bayar, goggo ta tambaye ni da Hausa ko dai kuɗin duwatsun ya faɗa tukuna. Na ce a'a goggo, duka ke nan. Na ja ta muka fita, ina cewa ɓarawo ne. Ashe ba ɓarawo ba ne. Shago bayan shago, magana ɗaya, bambancin bai wuce kuɗin raksha ba. Wani daga cikinsu ya ce a Jidda ko Dubai akwai masu sayen irin wannan da akwatinsa, su biya har sunan. Ya ce amma nan wa zai saya, garin da mata ke sayar da 'yan kunne don biyan haya?

Muka zauna a dakalin wani shago da ke rufe, na kira taubashina. Ban ko gaishe shi da kyau ba. Na ce kai dai tun kana yaro ba ka da wayo, mutum ya aiko wa manomiya suna? Da farko dariya ya yi, ya ɗauka wasan taubasai ne. Da na gaya masa inda muke da abin da aka taya, sai ya daina dariyar. Sannan ya faɗi nawa ya saye shi. Ba zan rubuta ba, amma albashinsa ne na watanni, kuma abin da aka taya mana bai kai rabin rabinsa ba. Ya ce kada a sayar, don Allah kada a sayar. Ya ce da damina ta faɗi ya tambaye ta ko tana bukatar wani abu, ta ce masa ai ya riga ya aiko, shi kuma ya kwashe abin da ya tara ya sabunta takardun zama. Sai ƙarshen wata zai samu. Na ce ciyawa ba ta san ƙarshen wata ba, 'yan ƙwadago ma haka.

Ya ce in ba ta wayar. Na sa ta a bayyane don kunnenta ya yi nauyi.

"Inna," in ji shi, "ni ba don gona na saya ba. Kullum ina ganin mata suna shigowa otal ɗin nan da irinsa a hannu, ba wadda ta yi wahalar da kika yi. Na ce ke ma ki sa naki, wanda ba za a raba ki da shi ba."

Goggo ta buɗe ɗan akwatin. Can ta ce, "Allah ya yi maka albarka. To bari in sa."

Ta miƙo mini hannu. Na sha fama da maɓallin kafin ya buɗe, na ɗaura mata. Hannun goggo duk kanta ne da tsagar ciyawa, ga ragowar lakar jiya a gefen farce. Ta ɗaga shi ta juya, ta sake juyawa, ta ce wa ɗanta ya yi mata daidai, kamar an gwada. Ina jin shi yana jan hanci ta can. Ta yi masa sallama, ta ba ni wayar, ta zauna da shi a hannu har wata mai shayi a gefenmu ta gama wanke kofunanta. Sannan ta ce in cire mata, mu koma wurin na farkon, shi ya fi mutunci.

Ban hana ta ba, ban kuma da abin da zan ba ta. Mai shagon ya ɓamɓare duwatsun da ɗan tsinke, ya ƙunsa mata a takarda, ya sa almakashin ƙarfe ya datse awarwaron don ya ga cikinsa. Ni na kau da kai. Ita kuwa ido ta zuba wa sikeli, ta ce in karanta mata lambar da ƙarfi.

Dawowa ba ta da labari sai ruwa. An rufe mu da tamfol, iska ba ta shiga, warin jiƙaƙƙen tufafi da na man gas ya cika wurin. Mun sake kafewa a kwarin nan, mai shayin ta gane mu har ta tambaya ko an dace. Goggo ta ce alhamdu lillahi. A bayan tarakta ta yi ta lissafi da yatsu, ta ware ta sake, ban tambaye ta ba don na san amsar. Mun isa gida jiƙe sharkaf, na sha magani na kwanta, bayana kamar ba nawa ba.

Washegari na bi ta wurin shugaban 'yan ƙwadagon. Kuɗin, noman gona ɗaya kawai suka isa. Ya tambaye ta wacce za a shiga, ta ce dawa, ita ce tuwo. Riɗin kuwa, wanda shi ne mai kawo kuɗin da ake mayar da awarwaro da kaka, ta ce a bar shi.

Wasu daga cikinku sun sha turo mini hotunan irin waɗannan kayan, kuna tambaya ko sun cancanci kuɗinsu. Ga abin da tafiyar nan ta koya mini, kuma da ƙafafuna na koyo shi. In kina zaune inda suna yake da kasuwa, kuma kin tabbata ba ranar da za ki cire don ki ci abinci, saya, aikin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma in uwarka a wannan ƙasar take, ka sayo mata iyar ashirin da ɗaya, mai nauyi, ko da ƙirarsa ba ta burge kowa ba. In kuma za ka gaya mata abu mai muhimmanci, ka faɗe shi da yare ɗaya, ka sake tambayarta me ta ji. Ban ga laifin taubashina ba, na ma daina tsokanarsa a kan wannan. So ne ya saya, sai dai ya saya da ma'aunin wani gari.

Dawar ta farfaɗo, ta yi duhu. Riɗin ciyawa ta shanye shi, jiya da na wuce sai da na sunkuya kafin na ga ganyensa. Gonar riɗin tana bakin hanyar zuwa ta dawar, amma goggo yanzu ta bayan ƙauye take zagayawa, da ciwon gwiwarta da komai.