Garin da Baba Tela Ya Zana a Ƙasa

Hoton biki da suna ne sana'ata, su ke ciyar da ni a Gombe. Amma abin da raina yake so dutse ne. Duk ranar da babu amarya babu mai jego, sai in ɗaure jakar kyamara a bayan babur in bar gari, in je inda duwatsu suke in yi ta ɗauka har rana ta yi sanyi. Matata ta gaji da yi mini tsiya. Takan ce masu rai suna kirana in ɗauke su ina ƙunƙuni, dutsen da bai taɓa ce mini sannu ba kuwa ina binsa har gida.

Shagona a unguwar Manawashi yana jikin na wani dattijo tela, wanda rikici ya koro daga wani gari a gindin duwatsun Gwoza ta Borno. Baba Tela muke ce masa duk unguwa. Ba mai yawan magana ba ne, ni kuma ban taɓa tambayarsa yadda ya baro gida ba, don fuskarsa ba ta ba da wannan ƙofar. Wata rana ya shigo sa wayarsa a caji, ya tarar ina duba hotunan wani dutse da na ɗauko a gabashin gari. Ya tsaya a bayana ya daɗe. Can ya ce dutsen nan ya yi kama da nasu, har yadda ya tsage ta gefe, kuma in zan koma in tafi da shi. Na ce to, irin to ɗin nan da ake faɗa don a rabu lafiya. Ashe na ɗaure kaina. Kullum da safe in mun gama gaisawa sai ya tambaye ni yaushe.

Da kaka muka tafi, wata Talata bayan azahar. Muka wuce Kwadon, muka saki kwalta muka bi hanyar gonaki, dawa ta fi mu tsawo dama da hagu. A gindin dutsen na jingine babur muka kama hawa. Nan dattijo ya ba ni kunya. Ni mai jini a jika ina haki ina dafa gwiwa, shi kuwa yana tafe da silifas kamar a tsakar gidansa, yana juyowa yana tambayata ko in ba shi jakar ya riƙe mini.

A tsakiyar dutsen muka samu wani fili, inda ruwan damina ya tara yashi mai laushi tsakanin duwatsu. Daga nan kana hangen wani ƙauye a ƙasa, da rumbunansa da hanyoyinsa. Hasken la'asar ya faɗo yadda nake so. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta na manta da kowa. Baba Tela ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya fara zane a yashin, yana magana, maganar da ban taɓa jin ya yi mai tsawonta ba. Garinsu yake zanawa. Yakan ja layi ya ɗaga kai ya nuna ƙauyen da ke ƙasa da yatsa, ya ce da nasu ne, da kasuwa tana can, da hanyar rafi ta bi ta nan. Ni da rabin kunne nake jinsa, idona yana kan inuwar da ke hawa dutse.

Wata mata mai itace a ka ta ɓullo ta gefenmu ta tsaya. Muka yi mata sannu, ba ta amsa ba. Ta dubi kyamara, ta dubi yatsan Baba, ta dubi ƙasa. Sai ta sauke itacen a hankali ta juya ba tare da shi ba. Na san ba lafiya ba, don mace ba ta barin itacen da ta sha wahalar yi haka kawai. Amma na ce wa kaina bari in ƙara ɗaukar hoto biyu mu tafi.

Ban gama ba muka ji haushin karnuka, ta sama da ta ƙasa. Maza suka fito daga bayan duwatsu, masu bindigar toka, masu adda, masu gora, wasu da kayan gona a jikinsu. Daga baya ne na ji cewa an sha ɗauke musu mutane daga gona a shekarar, kuma ana cewa kafin a zo sai an turo baƙi sun leƙa hanyoyi. A lokacin ban san komai ba, na dai ga idanun da ba su zo tambaya ba.

Wani saurayi ya fizge kyamarar, kuma ya iya duba ta. Ya yi ta latsawa, sauran suna leƙe ta kafaɗarsa. Dutse, hanya, rufin ɗakuna, wata hanyar, bakin rafi. Al'adata ce in kwashe hotunan biki in bar katin kyamara fes kafin in fita, saboda haka ko fuskar mutum ɗaya babu a ciki. Ya tambaye ni wane irin mai hoto ne ba ya ɗaukar mutane. Na ce kyan wurin nake ɗauka. Ni kaina da na ji maganar ta fito sai ta yi mini kama da ƙarya. Je ka gaya wa mai adda a hannu cewa yadda rana ke kwanciya a jikin dutse ne ya kawo ka.

Sai wani ya hango zanen. Suka kewaye shi suna magana da yarensu, suna nuna layukan suna nuna ƙauyensu. Aka tambayi Baba daga ina yake. Na yi ta roƙon Allah a zuciyata ya ce Gombe. Ya ce Borno. Kafin ya rufe baki an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar ɗaurin dawa.

A cikinsu akwai wanda ya taɓa ganina ina ɗaukar biki a unguwar Madaki, ya shaide ni. Shugabansu, wani maharbi mai furfura a gemu, ya ce in ɗauki jakata in sauka in hau babur ɗina, Baba kuwa za su gangara da shi gari a tambaye shi. Na dubi ƙasa. Ƙauyen ya riga ya fito, mutane sun yi baƙi ƙirin a bakin hanya, hayaniyarsu tana hawowa. Na san in aka shigar da dattijon nan cikin taron can, babu wanda zai tsaya jin ta bakinsa, kuma ba zai fito da rai ba.

Ban tafi ba. Ba zan ce jarumtaka ba ce, tsoro nake ji ƙwarai. Na ce musu Baba maƙwabcina ne, ni na goyo shi, tare za mu koma. Wani ya yi dariya. Wani kuma ya sauke mini gora a kafaɗa, na durƙusa ban shirya ba.

Maharbin ya tsuguna a gaban zanen, ya ɗauki tsinken da Baba ya yar, ya ɗora a kan wani layi.

"Wannan mene ne?"

"Masallaci," in ji Baba.

"Wannan fa?"

"Rijiya."

"Rijiyarmu ba nan take ba."

"Ba taku ba ce."

Maharbin ya kai tsinken kan wani ɗan fili da aka zagaye sau biyu, ya ce wannan da aka yi wa alama gidan wa ne. Baba ya ce nasa ne. Ya ce su wa ke ciki. Baba ya ce babu kowa.

Daga nan ba a sake tambayarsa ba, shi ya ci gaba. Hannunsa a ɗaure, da haɓa yake nunawa. Wancan gidan ƙaninsa ne, a ƙofar aka kashe shi. Wancan na mai gasa burodi ne, har yau ba a san inda yake ba. Doguwar hanyar nan ita suka bi suka hau dutse ranar da aka shigo musu. Inda layin ya tsaya kuwa, nan matarsa ta kasa, nan suka haƙa mata kabari da hannu da tsinken itace. Yana faɗa muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai faɗa wa mutum awon riga. Shekaru muna shago a jere, sai a gaban bindiga na fara jin wannan.

Ba kowa ya yarda ba. Saurayin da ke riƙe da kyamarata ya ce ai duk haka suke cewa in an kama su. Wasu suka goya masa baya, suka fara matsowa. Maharbin ya matsa kusa. Ya dubi zanen, ya miƙe ya dubi ƙauyensu, ya sake duban zanen. Hayaniyar ƙasa ta ƙara kusantowa, har ina jin ƙarar duwatsun da ƙafafu ke turowa. Na rufe ido ina salati.

Da na buɗe, ana kwance igiyar. Aka miƙo mini kyamara aka ce in goge duk abin da ke ciki a gabansu. Na goge, ko ɗar ban ji ba. Maharbin ya ce zai sa a bi da mu ta bayan dutse mu zagaya wajen babur. Sannan ya juya ga Baba, ya sassauta murya.

"Baba, share shi. In waɗancan suka iso suka gan shi, ni ma ba zan iya tare su ba."

Na kai ƙafa zan share don mu yi sauri. Dattijon ya riƙe mini ƙafar wando. Ya durƙusa da kansa, ya sa tafin hannu, shatin igiya yana nan a wuyan hannunsa. Daga gefe ya fara. Ya share kasuwa, ya share masallaci da rijiya, ya share gidan ƙaninsa. Ya bi doguwar hanyar a hankali har inda ta tsaya. Ya rage ɗan filin nan da ya zagaye sau biyu, hannunsa yana samansa bai sauka ba. Muna jin muryoyin na gaba a bayan dutsen da ke kusa da mu.

"Baba, don Allah," in ji maharbin.

Ya share.

Yadda muka sauko ban iya tunawa sosai, sai ƙaya da ta yayyage mini ƙafa ban ji ba sai washegari. Babur ya ƙi tashi da farko, sai da na yi ta bugawa. Muka hau kwalta ana kiran magariba, ban tsaya ba, ban waiwaya ba. Baba yana bayana ya riƙe rigata da hannu biyu. Sai da muka fara hango fitilun Gombe ya matso bakinsa kusa da kunnena saboda iska.

"Mai hoto," ya ce, "na manta ban sa ɗakin 'yata ba."

Ban san yana da 'ya ba. Ban tambaye shi inda take ba, na dai rage gudu don idona ya cika, na daina ganin hanya.