Zauren da Ya Shiga Hanya

Shekarar da na bar koyarwa a Rimaye na so in koma cikin Kankiya, kusa da asibiti, saboda ciwon ƙafar maiɗakina. Dillali ya kai ni wani gida a bakin hanyar da ke fita Kusada, ɗaki uku da zaure, ga rijiya a tsakar gida. Mai gidan tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana so ta sayar ta koma wurin ɗiyarta a Mawashi. Ta ɗauko takarda daga cikin kwalla, mai hatimin mai unguwa. Shaidun da suka sa hannu duk sun rasu.

Ƙanena ne ya ce kada in biya sai na bi ta ofishin filaye. Na yi ta zarya, yau a ce mai makullin ɗakin taswira ya tafi ta'aziyya, gobe a ce in dawo Litinin. Daga ƙarshe aka haɗa ni da safiyo, mai awon filaye. Ya ja tef ɗinsa tun daga tsakiyar kwalta, ya wuce ƙofar zaure, bai tsaya ba sai cikin ɗakin farko.

"Malam, duk nan hanya ce," ya ce. "Kuma ba a nemi izinin gini ba."

"Hanya ga ta can, har da kwalbati tsakaninmu."

"Wadda kake gani ke nan. Ta cikin taswira ta fi ta faɗi."

Tsohuwar tana tsaye bakin rijiya. "Ɗan nan, mi ya ce?"

"Ya ce sai an ƙara dubawa, Inna."

Ban sayi gidan ba. Bayan mako biyu aka zo aka shafa wa zauren jan fenti, alamar za a rushe shi, dillalin kuma ya daina kai mata masu saye. Na koma ofis na roƙe su, na ce tambaya kawai na yi, ban kawo ƙara ba. Suka ce magana ta riga ta tafi Katsina.

Muka kama haya bayan kasuwa. Har yau ba a rushe zauren ba, ba a kuma goge fentin ba. Nakan je in gaida tsohuwar ranar Juma'a. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba. Takan dama mini fura, ta zauna, can ta tambaye ni ko cikin yaran da na koyar akwai wanda ke aiki a Katsina. Na lissafa su a raina sau da yawa. Babu wanda zan iya kira.