Kalmar Sirrin Dije Daktilo

In ka shiga Tanut ka tambayi gidan Hajiya Hadiza, sai a tsaya ana kallonka, don masu wannan suna sun fi ashirin a garin. Amma ka ce Dije Daktilo, ko mai tura ruwa zai nuna maka ƙofa mai shuɗin fenti can bayan kasuwar dabbobi. 'Yar Olelewa ce, ɗiyar manomin gero, kuma shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin daktilo, wato buga takardu, a wani biro, ofishin gwamnati ke nan, tun zamanin keken rubutu mai ƙararrawa. A Damagaram ta koyi aikin, wajen wata malama mai rufe wa ɗalibai hannu da ƙyalle don kada su leƙi haruffa. Tun daga nan Dije ta ɗauki kallon haruffa abin kunya. Tana buga maka takarda tana kallon idonka, tana tambayar yadda damina ta yi a garinku. In ka yaba, ta ce ai ba wani abu ba ne. In ka ƙi yabawa kuwa, takardarka sai gobe.

Da ta yi ritaya, mijinta Malam Ila ya ɗauka yanzu zai riƙa samun fura a kan lokaci. Bawan Allah, bai san matarsa ba. Wata biyu ba a yi ba ta sa aka sayo mata tsohuwar kwamfuta daga Kano, ta ce za ta rubuta waƙoƙin niƙa da na daɓe da gwaggonta Dado take yi a Olelewa, don tun da injin niƙa da siminti suka zo ba wanda ya riƙe su sai tsohuwar. Kwamfutar kuwa ta iso da cuta, kafin ta buɗe sai ka dafa shayi ka sha.

Mai maganin cutar ita ce ɗiyarta ta fari, Zuhaira, wadda ke aikin kwamfuta a Damagaram. Ta zo hutun sallah, ta share komai, ta zuba wani tsari da ake kira Linux, irin wanda ba ya nauyi ga tsohon inji. Ta tarar kuma haruffan kwamfutar Kano a jere suke irin na Ingilishi, alhali yatsun uwarta jerin Faransanci suka sani, sai ta gyara daga ciki yadda za ta buga kamar tana bisa kekenta na biro. Sannan ta zaunar da ita.

"Mama, yanzu ke ce mai gida a cikin mashin ɗin nan. Duk abin da za ki taɓa mai muhimmanci, sai ki fara rubuta sudo, shi kuma ya tambaye ki kalmar sirri."

"Ni da mashin ɗina, sai ya tambaye ni?"

"Ko ke. Kuma na kulle takardunki da kalmar. In ta ɓace, ko ni ba ni iya buɗewa. Ki zaɓi wadda ba za ki manta ba, kuma kada ki faɗa wa kowa."

Zuhaira ta juya baya, Dije ta buga kalmarta sau biyu.

To, ga inda zancen yake. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, kuma Dije ta riƙe wannan alkunya fiye da tsofaffin ƙauye. Tun yaye aka kai Zuhaira wajen kakarta a Olelewa, can ta girma. Dije ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ba ta taɓa yabonta ba, suna kuwa sai dai "ke", ko "waccan", ko "ta Damagaram". Sauran 'ya'yan tana kwaɗa musu kira har maƙwabta su ji. Amma da aka ce ta zaɓi abin da ba za ta manta ba, kuma ba za ta faɗa wa kowa ba, yatsunta ba su yi shawara da ita ba. Sunan Zuhaira suka rubuta.

Shekara guda da rabi Dije ta yi tana mulkinta. Ta sayi littafin 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ta cika shi da umarni: wannan na duba abin da ke cikin jaka, wannan na kwafe takarda, wannan na sabunta mashin. Wanda ke sharewa ta zagaye shi da jan biro, ta rubuta a gefe, "Ba a taɓa shi da fushi." Malam Ila ma ta buɗe masa ɗan gurbinsa don ya riƙa sauraron karatu, amma ta hana shi ikon sudo. Ya ce shekara talatin da takwas yana mai gida, yau an mai da shi ɗan haya. Ta ce ya gode Allah da ba ta kore shi ba.

Duk ranar kasuwa ta hau motar Olelewa da kwamfuta cikin zane. Dado na rerawa, ita tana bugawa kai tsaye, don a wajenta rubutun hannu aikin waɗanda ba su iya ba ne. Waƙa ɗari da goma sha bakwai suka tara. Da kaka ta wuce, Dado ta kwanta ciwo, kwana shida Allah ya karɓi abarsa. Zuhaira ta sha ce mata ta kwafe aikin a wani wuri dabam, Dije ta sha cewa gobe.

Wata Talata da hantsi ta sa mashin sabuntawa, ta tafi duba miya. Rana ce ta hadari, faifan sola bai ja komai ba, batir ya mutu a tsakiyar aiki. Da aka samu wuta ta kunna, sai ga baƙin allo wuluk, ba hoto ba komai, sai ɗan rubutu yana neman suna. Ta buga dije, ya karɓa. Ya nemi kalmar sirri, ta buga, ya ce ba ita ba ce. Ta sake. Ta wanke hannu ta sake. Ta yi bismilla ta sake. A irin wannan allo ko ɗigo ba ya nunawa in kana buga kalmar, balle ka ga inda ka kauce.

Nan fa ta zauna ta tasa allon a gaba. Ba mashin take ji ba, Dado take ji. Muryar tsohuwar ta tafi, kuma abin da ya saura nata a duniya yana bayan wannan baƙin allo. Malam Ila ya ɗauki kwamfutar ya kai wa mai gyaran waya a tasha, shi kuwa ya ce magani ɗaya ne, a share komai a zuba sabo. Da Malam ya dawo da wannan labari har da fara'arsa, saura kaɗan ta jefe shi da ludayi.

Kwana biyu tana fama, ta ƙi kiran Damagaram. Ran na uku bayan azahar Malam ya kira da kansa ya miƙa mata wayar.

"Mama, kwantar da hankalinki," in ji Zuhaira. "Takardun suna nan. Mu dai shiga, in faɗa miki abin da za ki rubuta. Kin tabbata ba ki manta kalmar ba?"

"Ni? In manta?"

"To faɗa mini ita, in ga ko akwai harafin da ke ba da wahala."

Dije ta dubi Malam Ila, wanda ya gyara zama bisa tabarma ya baza kunnuwa.

"Ba ke kika ce kada in faɗa wa kowa ba?"

"Mama, ni ce fa."

"Kowa kika ce. Ba ki ce ban da ke ba."

"Hajiya," in ji Malam, "waƙoƙin Dado ne fa. Faɗi kawai. In sunan wani tsohon saurayi ne, na yafe."

Ta harare shi. Wallahi a ranta ta gwada, ta kawo sunan har bakin leɓe, harshe ya ƙi. Shekara talatin da shida ba ta furta shi ba, yau kuma a ce ta faɗe shi a kunnen mai shi, gaban ubanta? Ta ji haushin kanta, ta ji haushin mashin, ta ji har da haushin Dado da ta mutu ta bar ta da wannan.

Zuhaira ta yi ajiyar zuciya. "To shi ke nan, kada ki faɗa. Ki buga ta a wurin da ake sa suna, can haruffa suna fitowa. Ke kaɗai ki duba, ki gani ko daidai take fita."

Dije ta juya allon daga wajen Malam, ta buga, sannan ta duba. Sai ta yi salati.

"Af! Aljanu sun shiga mashin ɗin nan. Ba abin da na rubuta ke nan ba."

"Me ya fito?"

Da yake shirme ne, ba sunan kowa ba, sai ta karanto shi hankali kwance, harafi bayan harafi, da muryar biro: W, u, h, q, i, r, q.

"Yauwa, na gane!" Zuhaira ta yi dariya. "Laifina ne. Na gyara miki jerin haruffa a allon gaba, na manta da baƙin allo. Shi har yanzu jerin Kano yake bi. Inda yatsanki ya san a, shi q yake gani. Inda kika san z, shi w. Kin ga ke nan kalmarki ita ce z, u, h, a..."

Sai dariyar ta tsaya.

Malam Ila, da yake ba a banza ya yi furfura ba, ya tashi ya ce bari ya duba akuya, alhali akuyar tana gabansa tana tuƙa.

"Mama," in ji Zuhaira can, da wata 'yar murya. "Ki dubi haruffan da ke rubuce bisa mashin, ki bi su yadda suke."

Haka Dije Daktilo ta sa tabarau, ta sunkuya, ta shiga neman haruffa da yatsa ɗaya kamar sabuwar ɗaliba. Mashin ya buɗe. Zuhaira ta karanto mata umarnin da zai ƙarasa sabuntawar da ta katse, ya sake neman kalmar, ta sake tsinto ta. Rubutu ya yi ta gudu, aka kashe aka kunna, sai ga hoto ya dawo. Ta buɗe jakar Dado ta ƙirga, ɗari da goma sha bakwai cif. Ta ce alhamdu lillahi ya fi sau goma, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Yau ɗin nan za ki kwafe su," in ji Zuhaira.

"Yau ɗin nan."

Amma ba wadda ta kashe waya.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kin sani."

"Tun ranar da kika zuba shi mana. Ke wace irin tambaya ce wannan?"

"Kullum kike buga shi?"

"Ai mashin ɗin naki ne fitinanne. Motsi kaɗan ya tambaya. Wata rana sau goma."

Ta ji ɗiyarta tana jan hanci a can Damagaram.

"Ina ƙarama a Olelewa," in ji Zuhaira, "in kin zo kina kiran ƙannena su Kabiru, nakan ɓuya bayan rumbu, wai ko za ki neme ni ki rasa, dole ki kira. Sai ki aiko a ce waccan ta fito. Na ɗauka ko sunan ne ba ki so."

Maganar ta soki Dije har cikin ƙashi. Ita da ta ɗauka kowa ya san abin da alkunya take rufewa, ashe yarinyar da aka yi dominta ba ta sani ba.

"Hawa ubanki ya so a sa miki," ta ce a hankali. "Kwana uku ina aika gwaggo Dado wajensa kafin ya yarda. Ni na zaɓe shi."