Sauron da na ƙirƙiro wa tsibirin abokina

Shekarun baya, lokacin da korona ta rufe Doha, ni da abokina ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Al Asmakh, dukanmu direbobi, dukanmu ba aiki. Sai wani otal da ake ginawa a wani tsibiri can tsakiyar teku ya nemi direbobi biyu. Wurin ko jirgin sama ba ya sauka, sai na ruwa jefi-jefi. Abokina ya ce mu tafi. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Malam, ban baro Kano don in je gadin kifi ba." Ya haɗa jakarsa ya tafi shi kaɗai.

Ana gab da gasar kofin duniya sai aka buɗe hanyar jirgi daga Doha kai tsaye zuwa tsibirin. Masu yawon buɗe ido suka yi wa wurin caa, abokina ya zama shugaban direbobin otal. Kullum sai ya ɗora hoto, farar riga, shuɗin ruwa a bayansa, har kumatu ya ajiye. Ni kuwa ina nan ina jan tasi, kuma abin takaicin, ni nake kai baƙinsa filin jirgi.

Ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba, hassada ce ta kama ni. Duk fasinjan da ya ce can za shi, sai in girgiza kai in ce, "Sauron wurin ba ya jin magani. Direbobinsu kuma ku yi hattara da su." Ni da ko a mafarki ban taɓa taka wurin ba.

Wata Juma'a ina cin shinkafa a unguwar Al Sadd sai ga kiransa. Bayan gaisuwa ya ce, "Mutumina, akwai wani direba ɗan ƙasarmu a can Doha da yake ɓata mana suna. Wasu baƙi sun ƙi shiga motata, har manaja ya kira ni ofis. Don Allah bincika min ko waye."

Na ajiye cokali. Na so in ce to, zan bincika. Sai na ji bakina ya ce, "Ni ne."

"Na sani," in ji shi. "Rasit ɗin tasin yana wayarsu, har da hotonka. So nake in ji ko za ka faɗa da bakinka. Wata nawa ina roƙon manajan nan ya ɗauke ka aiki, ga shi kuma shi baƙin suka fara nuna wa hoton naka. Khalas, shi ke nan, ya ba wani aikin."

Ya yafe min, har yau muna waya muna tsokanar juna. Rasa aikin ma bai dame ni sosai ba yanzu. Abin da nake jin kunyarsa shi ne, duk watannin da na yi ina cin zuciya a kansa, shi yana can yana kai sunana ofis.