Waƙar da Na Ce Ban Taɓa Ji Ba

Shekara biyu na yi ina kula da wata tsohuwa Bayahudiya a garin Silver Spring, can ƙasar waje, lokacin maigidana yana karatu a jami'ar da ke College Park. Aikina wanka, magani da abinci. Ita kuwa ta ɗora wa kanta aikin koya mini waƙa, ba ta ko tambaye ni ina so ba.

Masifaffiya ce ta gaske, ni ma kuma ba kanwar lasa ba ce, shi ya sa muka shirya. In ina taje mata kai sai ta kama wata waƙa da Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai. Ta ce irin waɗannan waƙoƙin ba a makaranta ake koyonsu ba. A bakin murhu ake jin su, da shagon tela, da wajen lallashin jariri, kuma kowane gari da yadda yake rera tasa. Ita a bakin mahaifiyarta ta ɗauka, a wani ƙaramin gari a Poland inda yaƙi bai bar mata dangi ko ɗaya ba. Masu tattara waƙoƙi sun rubuta da yawa a littattafai, amma baiti na uku na wannan waƙar ba ta taɓa ganinsa ko'ina ba. 'Yarta tilo kuwa tun tana yarinya ta ƙi koya, wai harshen tsofaffi ne.

Ni dai Allah ya ba ni kunne. Cikin wata guda na haddace baitukan uku tsaf, alhali ko kalma goma ban san ma'anarsu ba. Tana gyara mini lafazi kamar malamar Islamiyya, har da bubbuga hannun kujera. Wata rana ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "Yanzu mu biyu muka san ta a duniya." Na yi dariya na ce ta sake ni in ɗauko mata magani.

Da ta rasu iyalinta suka yi zaman makoki na kwana bakwai, sun rufe madubai da zane, suna zaune a kan gajerun kujeru. Maigidana ya kai ni gaisuwa. Falo ya cika da maza da mata, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa. 'Yar ta kamo hannuna, idonta jawur, ta ce akwai waƙar da mahaifiyarta ke yi mata tana ƙarama, tana tuna farkon amma ƙarshen ya ɓace mata. Ta tambaye ni ko na taɓa jin ta.

Waƙar tana bakina. Amma ga ni matar aure, ga maza baƙi, ga mijina yana kallo. Inda na tashi ko sunan ɗan farina ba na kira, balle in wage baki in rera waƙa a gidan rasuwa. Na sunkuyar da kai na ce, "Ban taɓa ji ba."

Ta rungume ni ta ce ba komai, ai na yi wa mahaifiyarta abin da ya fi haka.

A mota na ba maigida labari, ina jiran ya ce na kyauta. Sai ya ce, "To da kin ja ta ɗaki kin rera mata mana." Wallahi ko kusa wannan dabarar ba ta zo mini ba. Na ɗaure masa fuska har gida, don ya fi ni gaskiya.

Ina da lambar wayar 'yar tsohuwar. Kullum sai in ce gobe, don in na kira dole in gaya mata ƙarya na yi mata ranar makokin uwarta. Goben nan sai da ta kai shekara shida. Ranar da na yi ta maza, na zauna in yi bita kafin in kira. Baiti na farko ya zo, na biyu ya zo da ƙyar, na ukun kuwa sai karin kawai, babu kalma ko ɗaya. Na ajiye wayar ban kira ba, kuma har yau in na tuna kunya rufe ni take yi.