Na Ɗauka Sallamar Matafiyi Ce

A shekarun da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, ni budurwa ce mai buga takardu a wata ma'aikata, ga surutu, ga ganin na san halin kowa. Tare da yayana aka yi mana canjin wurin aiki, muka kama ɗakuna biyu a Mararaba. Matarsa da 'ya'yansa suka zauna a Legas saboda makaranta.

Yayana mutum ne mai barkwanci, amma tun zuwanmu ya fara yin sanyi. Abinci sai na matsa masa, barci ya ƙaurace masa, ranar hutu ko labule ba ya ɗagawa. Wata rana ya ce mini shi dai ya zame wa kowa kaya. Na yi dariya, na ce kewar matarsa ce, ya yawaita addu'a. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Bayan watanni, kwatsam sai ya ware. Ya yi aski, ya ba maƙwabcinmu rediyonsa, ya ba ni agogonsa, ya bi gida-gida yana neman a yafe masa. A lokacin kowane mako wani na hawa motar Legas, kuma a wurinmu matafiyi ba ya kama hanya sai ya nemi yafiya. Na ɗauka iyalinsa zai je gani, har kilishi na sayo wa yara. Gabana ya ɗan faɗi, amma ina ƙanwa ta ga fuskar tambayar yayanta ko yana tunanin kashe kansa?

Washegari na dawo daga aiki na tarar ya yi yunƙurin hallaka kansa, maƙwabta sun garzaya da shi asibiti. Allah ya sa da sauran shan ruwa. Likita ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, yana da magani, kuma sauƙin nan na kwatsam da rabon kaya alamun haɗari ne. Da ya sami kansa, ya gaya mini ya daɗe yana jiran wani ya tambaye shi. Na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Jama'a, idan naku ya daɗe cikin ƙunci ya fara irin wannan sallama, ku tambaye shi ɓaro-ɓaro, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibiti. Tambayar ba ta jefa wa mutum wannan tunani. Ni nauyin baki ya hana ni, kuma saura ƙiris in raka yayana kabari ina yi masa fatan sauka lafiya.